Da Hannun Dama Yake Ci

Ku shigo daga ciki, ga tabarma nan. Kai mai tabarau, na ji abin da ka ce wa ɗan'uwanka a ƙofar zaure. Ido ne ya mutu, kunne yana nan. Wai zanen barkwanci na jarida ba sana'a ba ce, ka ja wa mutum hanci, ka kumbura masa tumbi, an gama. Madalla. Ku 'yan makarantar Kongo kuna da abin da kuke dannawa ya goge muku kuskure, dole ku ga aiki kamar shan ruwa. Mu a zamaninmu in hannu ya kuskure, jiki magayi.

Aikin farko da aka ba ni zanen keke ne. A cikin shekarun hamsin ke nan, Turawa ba su tafi ba, amma sun fara ɗaure kaya. Akwai wata 'yar jarida ta mako-mako da ake bugawa a nan Tudun Wada, shafi huɗu, cikin wani shago mai ɗaki biyu. Editanta, Malam Tanimu, tsohon malamin makaranta ne da aka sallama saboda tsayin baki. Ni daga birni na fito, mahaifina malami ne, abin da na iya kawai zayyanar allo. Da na gaya masa na sami aikin zane sai ya ɓata rai.

Ya ce, "Iro, abu mai rai za ka zana?"

Na ce, "A'a, Baba, keke ne."

Ya ce, "To, keke ba a busa masa rai ba. Je ka."

Daga baya da na koma kan mutane, ya daina tambayata aiki, ni ma na daina ba shi labari, muka zauna lafiya.

Keken na wani ɗan kasuwa ne mai son talla. Kwana uku na yi a kansa. Da aka buga, mutumin ya zo da jaridar, ya shimfiɗa a tebur, ya sa yatsa yana ƙirga 'yan ƙarafan nan na cikin ƙafar keke. Ya ce sun gaza, na ɓata masa suna, mutane za su ce kekunansa ragaggu ne. Ranar na fara sanin masu sayen jaridarmu. Ba wanda ke kallon zane kamar wanda bai iya boko ba. Mutum ɗaya zai zauna a gindin bishiya yana karanta wa jama'a labari, su kuwa idonsu na kan hoton, suna bin sa layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Maigidana a sana'a Malam Bulus ne, mutumin Wusasa, Kirista, dogo, mara fara'a, wanda ya koyi zane tun yana soja. Ranar farko da ya miƙo mini kayan aiki na zaci wasa yake. Guntun leda mai kauri, irin wadda Turawa ke shimfiɗawa a ɗaki. Ƙarafan tsohuwar laima guda uku, an yanke, an wasa bakinsu a dutse, an sa musu ƙota. Fensir, takarda mai shara-shara, da ɓarin madubi. Shi ke nan. Ba mu da injin sa hoto irin na manyan maɗaba'u. Sassaƙa zanen ake yi a jikin ledar, a manna ta a katako, a jera ta tare da baƙaƙen dalma, a shafa tawada, a danna takarda a kai.

Ya ce, "Ɗan malam, saurara, ba na maimaitawa. Inda ka sare, fari ne. Inda ka bari, baƙi. Abin da ka sare kuma ya tafi ke nan, ko ubanka waliyyi ne ba ya dawowa. Na biyu, leda maƙaryaciya ce. Abin da ka sa a dama, a hagu zai fito a jarida. Saboda haka a takarda za ka fara zanawa, ka kifa ta a kan ledar, ka bi sawu. In ka gama, ka duba a madubi kafin ka miƙa."

Wata shida bai bar ni na zana fuska ba. Da safe sai ya kora ni kasuwa, ya ce in dawo masa da huluna. Washegari takalma. Jibi gwiwoyin masu zaman majalisa. Na taɓa yi masa ƙorafi cewa ni hanci nake so in koya, ya ce, "Hanci kowa na da shi. Amma dubi yadda akawu ke ɗora hula a goshi, dubi yadda dillali ke tura tasa ƙeya. Mutum yana iya ɓoye zuciyarsa, ba ya iya ɓoye yadda yake zama a kujera." In na kawo aikin yini guda, ya duba, ya ce, "Wannan hular ba kowa a cikinta," ya yage. Ku da malaminku ke ba ku maki ya ƙara da murmushi, ba ku san karatu ba.

Bayan shekara uku idon Malam Bulus ya fara rauni, ya koma sassaƙa manyan baƙaƙe da talla, aka bar mini akwatin shafin farko. Na zana mai awo da mudunsa mai lotsattsen gindi. Na zana duba-gari, wanda ke hango tsutsa a randar talaka daga ƙofar gida, amma in an miƙa masa kaza idonsa ya rufe. Aka fara nuna ni a hanya. Mahauta suna ƙara mini tsoka. Kaina ya kumbura, madubi kuwa ya shige ƙarƙashin tarin takardu, ban neme shi ba.

Zanen da ya ja mini shekarar wahala na kwalbati ne. Akwai wani kwari a hanyar kasuwa, da damina da ƙyar ake ƙetare shi. Majalisar gari ta ba Alhaji Mamuda kwangilar yin kwalbati a wurin. Alhaji Mamuda kansila ne, ɗan kwangila kuma, a zamanin da alhazai ba su yi yawa ba, in aka ce Alhaji sai a gyara zama. Gajere ne, mai wushirya, mai hanci kamar ludayi, ba ya rabuwa da jar dara. Aka buɗe kwalbati da kiɗa da jawabi. Ruwan farko mai ƙarfi ya tafi da shi. Wata lori mai ɗauke da kayan gwari ta rufta, direba ya karye a cinya, masu kai nono kasuwa suka koma dogon zagaye da ƙwarya a ka. Na je da kaina na ɗauki ɓaraguzan, na murza, suka marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Yashi ne aka nuna wa siminti daga nesa.

Malam Tanimu ya ce, "Ni ba ni da ikon rubuta suna. Kai fa?"

Na ce, "Ni ba na bukatar suna, Malam."

Ranar Alhamis ce, da la'asar za a buga, lokaci ya ƙure. Malam Bulus ya tafi jana'iza Wusasa. Na ce wace takarda, wane kifawa, ni da nake shekara uku a kan aikin nan? Na zana kai tsaye a kan leda na hau sara. Mutum a zaune, jar dara, wushirya, ga akushi a gabansa, ga buhun siminti a buɗe, yana kai loma baki. A ƙasa aka jera baƙaƙe: "Ina simintin kwalbati?" Na miƙa ina jin kaina.

Da safe Malam Bulus ya shigo, ya ɗauki jaridar, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ɗan malam, da wane hannu ake cin abinci a gidanku?"

Na karɓa na duba. Alhaji yana kai loma da hagu. Aljihun rigarsa ma ya koma dama.

Ya ce, "Na gaya maka ba na maimaitawa." Ya zauna ya ci gaba da aikinsa.

Kafin a tafi masallacin Juma'a jarida ta ƙare. Amma ku ji abin haushi, ba wanda ya yi maganar siminti. Duk gari magana ɗaya ce: ashe Alhaji da hagu yake ci! Wani dattijo ya tare ni a hanya, ya nuna ni da sanda, ya ce, "Yaro, siminti kowa na ci in ya samu. Amma ka sa Alhaji guda ci da hagu kamar Shaiɗan? Ba ka da tarbiyya." Direba yana kwance da karyayyar cinya, ba wanda ya tuna da shi.

Ranar Litinin aka kawo sammaci, ni da Malam Tanimu. Kotu ta cika har tagogi. Alƙali tsoho ne, ya ɗaga jaridar nesa da fuskarsa, ya ce, "Alhaji, ban ga sunanka a nan ba."

Alhaji Mamuda ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba sai an rubuta ba. Ga wushiryata, ga darata. Har zoben nan nawa ne."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alƙali ya ce, "To mene ne a cikin akushin?"

"Siminti ne, wai."

"Ƙarar cin simintin ka kawo, ko ta hannun?"

"Ta hannun, Allah ya gafarta Malam. Siminti maganar majalisa ce, ana bincike. Amma ni da na je Makka na dawo, a ce ina ci da hagu? Surukaina har sun aiko suna tambaya."

Dariya ta ɓarke daga tagogi, sai da ɗan doka ya daka tsawa. Alƙali ya juyo kaina. Na yi masa bayanin leda da takarda da madubi. Bai gane ba, bai kuma damu ya gane ba.

Ya ce, "Watau kuskure ne."

Na ce, "Kuskure ne, Allah ya gafarta Malam."

Ya ce, "Wanda ya yi kuskure a bainar jama'a, a bainar jama'a zai gyara. Mako mai zuwa ku gyara, ku nemi afuwa, a shafin da kuka yi ɓarnar." Aka rubuta. Alhaji ya fita yana baza riga kamar wanda ya ci yaƙi.

Muka koma shago, ni da Malam Tanimu. Yana zama sai dariya ta kama shi, har yana tari.

Ya ce, "Iro, me alƙali ya ce?"

Na ce, "Ya ce mu gyara."

Ya ce, "To umarnin shari'a ne, ba a wasa da shi. Ɗauko leda."

Malam Bulus ya ajiye ƙarfensa. Ya ce, "Tanimu, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Kai kana da 'yan'uwa a Kano, in ta yi zafi ka hau jirgi. Wannan yaron fa, me zai hau?"

Ya waiwayo zai tambaye ni, sai ya tarar har na fara wasa ƙarafana a dutse. Ya girgiza kai. Ya tashi ya yi ta ɗaga takardu har ya tono madubin, ya goge shi da hannun riga, ya dire a gabana. Ya ce, "In za ka yi, yi daidai."

Ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba. Kwana biyu na yi. Na zana a takarda, na kifa, na bi sawu, na sara a hankali kamar mai yi wa jariri aski. Na ƙara girman lomar. Na sa ƙurar siminti a gemu. Na naɗe masa hannun riga zuwa kafaɗa, yadda yake yi in ya zauna cin tuwo a gidan biki. Na duba a madubi sau uku, Malam Bulus ya duba sau ɗaya, bai yage ba. Malam Tanimu da kansa ya jera baƙaƙen ƙasa: "GYARA. A makon jiya mun nuna wannan bawan Allah yana ci da hagu. Kuskure ne, muna neman afuwa. Mun bincika, da hannun dama yake ci."

Aka yi ta bugawa har ledar ta baje. Wannan karon kam an ga simintin. A kasuwa in mutum ya cika tsada sai a ce masa, "Kai kuma da wane hannu?" Wasu suka yi tattaki zuwa kwarin suna murza ɓaraguzai. Dattijon nan mai sanda ya sake tare ni, ya ce, "Yanzu ka yi ladabi."

Alhaji bai koma kotu ba. Me zai ce? An gyara, an nemi afuwa. Amma ku yara kuna zaton manya hanya ɗaya suka sani. Bayan kamar kwana goma, rana tsaka, ina kan kekena kusa da kasuwa, wani ɗan doka ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ina fitilarka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ko azahar ba a kira ba."

Ya ce, "Kun ji shi ko? Yana raina hukuma."

Wasu mutum biyu suka taso daga gindin bishiya, kamar dama abin da suke jira ke nan, suka ce sun ji. Kafin la'asar an gama shari'a, a gaban wani alƙali dabam. Aka yanke mini ɗaurin wata uku. A cikin makon mai shagonmu ya tuna cewa ɗansa yana bukatar wurin. Masu talla suka ɗauke ƙafa. Malam Tanimu ya hau jirgin Kano, kamar yadda aka faɗa. Injinmu ya ƙare a zauren wani abokin Malam Bulus, an lulluɓe shi da buhuna, kaji na kwana a kai.

A gidan yari aka aske ni ƙwal, aka ba ni gajeren wando. Mako na biyu gandiroba ya jera mu, ya kora mu aiki. Muna tafe ina ganin hanya kamar na san ta. Sai ga mu a bakin kwarin. Ashe majalisa ta gama bincike, ta gano cewa ruwa ne ya yi yawa. Ta kuma ga ya dace a ba da gyara ga wanda ya fi kowa sanin wurin, watau Alhaji Mamuda. Leburorinsa kuwa mu ne, fursunoni.

Aka ba ni shebur da kwanon sarki. Heluman Alhaji, wanda ke tsaye a kan aikin, ya nuna mini yadda ake kwaɓi: yashi, a ƙara yashi, a sake ƙarawa, sannan a barbaɗa siminti kamar gishiri a miya. Na ce, "Malam, wannan ba zai riƙe ba." Gandiroba ya ba ni amsa da kulki a gadon baya. Daga nan ban sake ba da shawara ba. Na kwaɓa. Da hannuwan nan da kuke gani na kwaɓa, na ɗauka a ka, na zuba.

Wata rana Alhaji ya zo duba aiki a motarsa. Ya hango ni, ya yafito ni da hannu.

Ya ce, "Mai zane, yaya aiki?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Na biyun nan ya fi na farko kyau, ba zan ɓoye maka ba. Uwargida ta ce har yadda nake naɗe hannun riga ka kamo. Amma hancin, ka zalunce ni." Ya zaro goro ya ba gandiroba ya miƙo mini. Kuna jira in ce na jefar? Na ɓare na ci. Ku fara ɗaukar kwanon sarki tun safe, sannan ku zo mu yi maganar zuciya.

Da na fito, mahaifina bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya dubi askin, ya ce, "Ka ce mini keke za ka zana. Ga shi keken ya ɗaure ka." Ba jarida, ba aiki. Sauran shekarar a tasha na yi ta, ina rubuta wa direbobi kirari a bayan lori, ina yi wa masu shago allon suna. Waɗanda ke ƙara mini tsoka a da suka koma ba su gane ni ba. Wasu in sun hango ni sai su tsallaka titi, kada a gan su da tsohon fursuna, alhali jaridar tana nan ninke a ƙarƙashin tabarmarsu.

Kafin damina ta zagayo wani attajiri ya sayi injin, aka sake buɗe jarida da sabon edita, irin mutumin da ko atishawa zai yi sai ya duba wa ke kusa. Ya ɗauke ni da sharaɗi ɗaya: kada in zana fuskar da wani zai gane. Na yarda. Malam Bulus a lokacin ya bar aiki, ido ya ƙi.

Ruwa ya sauka, kwalbati ya sake tafiya. Duk garin nan ni kaɗai ban yi mamaki ba. Edita ya kira ni yana gumi, ya ce, "Dole mu ce wani abu, amma don Allah kada ka taɓa kowa. Majalisa ta ce laifin ruwa ne."

Na ce, "To ruwan zan zana."

Na sassaƙa ƙaton hadari, baƙi ƙirin, an ɗaure shi da igiya a tsakiya, wani siririn ɗan doka mara fuska yana jan sa zuwa kotu. A ƙasa: "An kama mai laifi." Kowa ya gane. Aka yi dariya daga tasha har birni, jarida ta ƙare, ba sammaci, ba mai tambayata fitila. Na ce to, yau na gano sirrin sana'a, ka yi cizo ba a ga sawun haƙori ba. Na koma tafiya ina buɗa kafaɗa.

Bayan mako guda, ranar kasuwa, sai ga Malam Bulus yana dogara sanda. Ya kama hannuna ya ce, "Zo ka raka ni wani wuri." Muka tafi har shagon Alhaji Mamuda, inda yake sayar da kayan gini. A bango, daidai saman teburinsa, ga hadarina a rataye, an sa masa gilashi da katako mai ƙyalli. Alhaji yana nuna wa baƙinsa, yana dariya har da share hawaye.

Yana ganina ya ce, "Ga ma mai zanen nan! Kai, yanzu ka ƙware. Wannan shi ne aiki, ba cin mutuncin mutane ba." Ya sa aka kawo mana ruwa, ya kuma gaya mana cewa majalisa ta sake ba shi gyaran, mu sa shi a addu'a.

Muka fito. Malam Bulus ya ja ni har muka iso bakin kwarin, inda mutane ke ratsa ruwa da wando a naɗe, mata na riƙe ƙwarya da hannu bibbiyu. Ya tsaya yana sauraron ƙarar ruwan.

Ya ce, "Ɗan malam, wanda ya kai ka gidan yari, shi ne zane. Wanda ɓarawo ya sa wa gilashi, ado ne."

Ya sunkuya ya naɗe wandonsa, ya ƙi in riƙe shi, ya shiga ruwa yana lalube da sanda har ya haye.

Na ƙara shekaru masu yawa ina wannan sana'a, da ita na ciyar da iyali, da ita na aurar da 'ya'yana. Ba a sake ɗaure ni ba ko sau ɗaya.